Yadda Ake Ajiye Mesa a Falo Don Korar Baƙon da Ya Ƙi Tafiya

Kana da baƙo a gida wanda ya ce kwana biyu zai yi, ga shi yau har ya san inda matarka take ɓoye sukari? In an buga ƙofa shi ke amsawa, ya ce wa abokanka ba ka nan alhali kana ban-ɗaki? To share hawayenka, ka faɗo hannun gwani. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda, ni kuma na yi maka alkawarin da babu tangarɗa a cikinsa: gidanka zai rage mutane.

Kada ka tsaya tambayata takardar shaida. Na kalli bidiyon macizai a waya har sai da caji ya ƙare, sannan na gwada hanyar a kan ɗan Adam mai rai, wato ƙanena Auta. Auta mai gyaran firji ne, yana zaune a ciki da falo na haya a saman bene, shi da matarsa ma'aikaciyar jinya da duk dangi ke kira Sista. Baƙon kuwa Kawunmu ne, yayan mahaifiyarmu, tsohon direban babbar mota. Ya zo ganin likitan ido bayan rasuwar matarsa, aka ba shi doguwar kujerar falo ya ɗan kishingiɗa. Idon ya warke tun tuni, har yana zura zare a allura. Kujerar ce dai ba ta sake ganin kowa ba sai shi.

Mataki na ɗaya: Ka tabbata kunya ta gama da kai

Ba a fara da maciji. Sai ka gwada hanyoyin mutanen kirki tukuna, don in an tambaye ka gobe ka ce ka gwada.

Auta ya gwada. Ya ce, “Kawu, ina jin mutanen gida sun yi kewarka.” Kawu ya ce, “Su yi haƙuri, haka duniya take,” ya ƙara wa talabijin murya. Auta ya cire batirin rimot ya ɓoye. Kawu ya sauka ƙasa ya sayo sabo, har da na ajiya. Sista ta fara shara da sassafe tana buga tsintsiya a ƙafar kujera. Kawu ya ɗaga ƙafafunsa sama, ya sa mata albarka.

Da abin ya ishi Auta sai ya zo wurina, ya zauna ya yi tagumi.

“Yaya, mutumin nan shi ya goya mu a mota muna yara. Da wane bakin zan ce masa ya tafi?”

“Wa ya ce ka buɗe baki?” na ce. “Baki na talakan tunani ne. Akwai halittar da in ta shiga ɗaki, kowa ke tuna yana da uzuri a wani wuri.”

Lura da kyau: shawara mai kyau ita ce wadda wani zai aiwatar, kai kana gefe.

Mataki na biyu: Zaɓi mesar da ta fi ka tsoro

Kada ka je neman kumurci ko kububuwa. Baƙo muke son ragewa, ba dangi ba. Abin da kake nema shi ne ƙaramar mesar nan mai zanen ruwan ƙasa da baƙi, wadda ba ta da dafi, ba ta wuce tsawon hannuwa biyu, kuma in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Wato halinta ɗaya da na Auta, shi ya sa na ga za su daidaita.

Ka je shagon masu sayar da dabbobin gida, ka nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mutane, ba wadda aka kamo a daji ba. Ka duba idonta garau ne, jikinta a murje, ba ta huci da baki buɗe. Ka yi wannan dubawar daga bakin ƙofa, kamar yadda na yi, don gwani ba ya cunkusa wa mai shago wuri.

Mai shagon ya ɗora ta a tafin Auta. Ita ta dunƙule, shi ya sandare. Suka tsaya haka, kowa na jiran ɗaya ya fara mutuwa.

“In ka kula da ita da kyau,” in ji mai shago, “sai ta yi shekara talatin a hannunka.”

Auta ya waigo ya dube ni. Na ɗaga masa hannu alamar kada ya damu. Irin wannan bayanin ba a sauraronsa. Mutumin da ya kasa jure baƙon 'yan watanni, shi ne daidai wanda ya kamata ya ɗauki na shekara talatin.

Mataki na uku: Akwatin gilashi, da ƙaryar da za ta raka shi

Ba a kawo mesa kafin a gina mata ɗaki. Ka bar ta a shago tukuna, ka je wurin mai yanka gilashi ya haɗa maka akwati wanda tsawonsa ya kai ta miƙe sosai ba tare da ta lanƙwashe ba. A huda masa ƙananan kafofin iska. A yi masa murfi mai nauyi da sakata biyu, don wannan baiwar Allah da kake gani kamar ba ta san komai ba, duk tsawon rayuwarta tana nazarin murfi ne.

Wurin ajiyewa shi ne sirrin aikin. Masana sun ce a nemi lungu mai shiru, nesa da rana da hayaniya. Mu muka ajiye shi daf da kan kujerar Kawu, yadda in ya buɗe ido da safe gilashin zai fara gani.

Yanzu sai ƙarya. Akwatin gilashi ba ya shiga gidan mai aure babu bayani. Muna hawa da shi bene muna nishi, Sista ta fito da kayan aikinta farare, ta riƙe ƙugu.

“Wannan fa?”

“Na kifi ne,” in ji Auta, idonsa a ƙasa.

“Kifi da sakata?”

“Irin masu tsalle ne,” na ce.

Ta dube ni irin kallon da take yi wa majiyyacin da ya rantse ya shanye maganinsa. Ta ce, “Yaya, duk abin da ka sa hannu a ciki, sai na ga ƙarshensa a asibiti.” Ta wuce. Kawu kuwa tashi ya yi ya kama mana gefe ɗaya, yana cewa mu bi a hankali kada mu fasa.

Mataki na huɗu: Ka yi wa maciji gatan da ba ka taɓa yi wa iyalinka ba

Mesa ba ta iya ɗumama jikinta da kanta, sai an yi mata. Don haka za ka raba akwatin gida biyu: gefe ɗaya mai ɗumi ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, ɗayan mai ɗan sanyi, ta riƙa zaɓa yadda ranta ke so. A ƙarƙashin gefen ɗumin ka sa shimfiɗar lantarki, kuma lallai ka haɗa ta da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, in ba haka ba gasasshiyar mesa za ka tarar. Ma'aunin zafi biyu, kowane gefe ɗaya.

A ƙasa ka zuba dakakken ɓawon kwakwa, mai riƙe laima. Kada ka ɗebo diddigar katako mai ƙamshi daga wurin kafinta don araha, tana shaƙe mata numfashi. Ka sa kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba, mai faɗin da za ta shiga ta jiƙa. Ka sa maɓoya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, kowacce matsattsiya mai duhu. Ka ƙara reshe da ganyen roba don kada ta ji kamar a tsakiyar kasuwa take. Kullum ka ɗan fesa ruwa, iskar ciki ta kasance da laima amma kada ƙasan ya zama caɓi.

A nan Auta ya nuna shi ɗan sana'a ne. Ya kwanta rub da ciki yana jan waya, yana gwaji, yana ɗaga ma'auni sama kamar likita. Har ƙaramin batir ya haɗa wa shimfiɗar saboda ɗaukewar wuta.

Sista ta dawo daga aiki ta tarar da shi haka. Ta tsaya ta kalli fankar ɗakinsu da ta daina juyawa tun bara, ta kalli akwatin.

“Ashe ka iya gyara a gida,” ta ce. “Allah Ya sa ni ma wata rana in zama kifi.”

Irin wannan maganar ba a amsa ta. Ka ci gaba da duba ma'auni.

Mataki na biyar: Ranar shigowa

Ka kawo ta a jakar ƙyalle, ka zaɓi lokacin da falo ya cika. Mu mun yi sa'a: Kawu na kan kujerarsa, maƙwabciya ta shigo aron dutsen guga, Sista na yanke farce.

Auta ya kwance bakin jakar, ya juye ta cikin akwatin.

Maƙwabciyar ba ta bi ta kan takalmanta ba. Har yau suna nan, ta ce a bar su sadaka. Sista ta haye kan tebur da ƙafa biyu ba tare da ta san lokacin da ta hau ba, tana kiran sunan Auta na yanka, wanda rabon da a ji shi tun ranar ɗaurin aurensu. Ni kuma na koma bakin ƙofa, don wani ya kamata ya tsare hanya.

Duk muka zuba wa Kawu ido.

Kawu ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge da bakin riga, ya sa. Ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin. Mesar ta dunƙule ta ɓoye kai.

“Allah sarki,” ya ce. “Tsoro take ji. Ku rage murya mana, ba ku ga baƙuwa ba ce?” Ya ɗauki rimot, ya kashe talabijin da hannunsa, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gidan. “An ba ta ruwa?”

Daga ranar sunanta ya zama Baƙuwa.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Tsofaffi akwai taurin rai, tsoron yana shiga ne a hankali kamar sanyin ƙashi. Ka dai sani cewa a makon farko ba a taɓa ta, ba a ba ta abinci, ba a leƙa ta. Za ta shige maɓoya ta ƙi fitowa. Wato za ka wayi gari ka ga abin da ka kawo don tsoratar da mutane akwati ne cike da ɓawon kwakwa.

Mataki na shida: Abinci, ko kuma yadda ake rage mutanen gida

Mesa ba ta cin ragowar abinci. Ɓera take ci, guda sukutum, wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikinta ba. Ba mai rai ba, don mai rai yana iya cizonta. Ana sayen daskararru ne a shago, a ajiye a firiza, ranar ci a ciro ɗaya a narkar da shi a ruwan ɗumi, a riƙe wutsiyarsa da dogon hantsaki a miƙa mata. In ta ci, a ƙyale ta kwana biyu ba taɓawa, in ba haka ba ta dawo maka da kayanka.

Ka lura na ce firiza. Gidan Auta firiza ɗaya ce.

Na ba shi shawara ya naɗe ɓerayen a baƙar leda ya tura can ƙasa, bayan naman miya. Shawara ce mai kyau, da a ce Sista ba ta girki. Wata ranar hutu da hantsi ta zura hannu neman nama, ta ciro ledar, ta buɗe a kan faranti. Suka zubo su biyar, farare, a miƙe, kowanne ya haɗa hannuwansa a ƙirji kamar mai neman gafara.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da sauƙi. Wanke hannu ta yi har gwiwa, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da ƙaramin akwati.

“Na haƙura da fanka,” ta ce wa Auta. “Na haƙura da falon da ba na iya zama a cikinsa. Na haƙura da maciji. Amma ba zan raba firiza da ɓera ba. Ina gidan yayata. Ranar da ka tuna wa ka aura, ka san hanya.” Ta juya wajen Kawu ta rusuna. “Kawu, a yi haƙuri, ba da kai nake ba.”

“Na sani, 'yata,” in ji Kawu. Bai ɗago kai ba.

Ka ga aiki ya fara kyau. Gida ya ragu da mutum ɗaya. Cewa ba wanda ake nufi ba ne, wannan ƙaramin kuskuren saiti ne.

Mataki na bakwai: In ta ƙi ci, kada ka ɗauka da kai take

Irin wannan mesar ta shahara da yajin cin abinci. Sai ta yi makonni tana kallon ɓera kamar an kawo mata takardar sammaci. Baƙuwa ma haka ta yi. Auta ya narkar, ya miƙa, ya karkaɗa, ta juya kai. Ya duba ɗumi, daidai. Ya duba laima, daidai. Ta fara ramewa, ƙashin bayanta ya fara fitowa. Sai kuma idonta ya yi fari-fari kamar an shafa toka, fatarta ta dushe. Auta ya kira ni a waya, wai ta makance.

Ba makanta ba ce, saɓa za ta yi. A irin wannan lokacin ƙara laima ake yi, a bar ta ta tuɓe tsohuwar rigarta da kanta, kada a ja mata. Na bayyana masa haka dalla-dalla, ta waya.

Shi kansa Autan ba ya ci. Ya yi ta kiran Sista, tana ɗauka ta ce tana bakin aiki. Yana fita da rigar jiya, yana dawowa da burodi a leda. Ya je gyaran firjin wata mata ya bar mata shi yana dafa ruwa.

Wanda ya rage a gida da Baƙuwa shi ne Kawu. Shi ke fesa ruwa. Shi ke sauya na kwano. Shi ke kwashe kashinta da cokalin roba, yana cewa ai ya ga abin da ya fi wannan a tashar mota. In ka shigo da rana sai ka tarar ya jawo kujera yana ba ta labarin hanyoyin da ya bi, da gadar da ta karye da shi, da yadda marigayiya take jiran ƙarar motarsa tun daga kwana. Ita kuma ta leƙo da kai daga maɓoya tana fitar da harshe.

Bayan ta yi saɓar, Auta ya sake gwada ɓera a gabana. Ta ƙi. Kawu ya miƙa hannu ya karɓi hantsakin, ya ajiye ɓeran a bakin maɓoyarta, ya ɗauko tawul ɗinsa ya lulluɓe gilashin.

“Ku fita,” ya ce. “Ba wanda abinci ke wuce masa a maƙogwaro in ana tsaye a kansa ana ƙirga masa loma.”

Muka fita baranda. Auta sai murza yatsunsa yake. Da muka dawo, ɓera ya tafi, tsakiyar Baƙuwa ta yi tudu.

Darasi: in baƙonka ya fara kula da makaminka, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Mataki na takwas: Za ta gudu

Ba “in” ba ne, “yaushe” ne. Lokaci-lokaci za ka kwashe ɓawon kwakwar gaba ɗaya, ka wanke gilashi, ka zuba sabo. A irin ranar ne mutum ke sa sakata ɗaya ya manta ɗaya. Auta, da hankalinsa ke gidan yayar matarsa, ya manta duka biyun.

Da safe ya kira ni. Na zo na tarar da murfi a karkace, akwati wayam. Kawu ya sauka sayen shayi.

Ga yadda ake nema: a rufe ƙofofi da tagogi, a duba wurare masu duhu, masu ɗumi, matsattsu. Bayan firji, cikin takalmi, ƙarƙashin katifa, cikin kujera. A samu mutum ɗaya ya hau tebur ya riƙa ba da umarni, don daga sama an fi ganin ɗaki. Ni na ɗauki wannan nauyin.

Auta ya kifar da tukwane, ya zazzage kwandon wanki, ya kwance bayan firji. Ƙarshe ya durƙusa ya ja doguwar kujerar Kawu daga bango. A bayanta akwai tsohuwar jakar tafiya, zif ɗinta a ɗan buɗe. Ya buɗe a hankali.

Tana ciki, ta dunƙule a kan rigar sanyi. A ƙarƙashinta kayan Kawu ne gaba ɗaya, a ninke tsaf: riguna, hula, maganin ido, reza, hoton marigayiya a leda, har da silifas ɗin wanka. Ba jakar wanda ke zaune ba ce. Jakar wanda ya gama shiri ce.

A haka Kawu ya shigo da kofin shayi ya same mu. Ya kalli jakar, ya kalli Auta.

“Kawu, ina za ka?”

“Gida.” Ya ajiye kofin. “Da ma jira nake in ga ta ci sau biyu a jere, in san ta kama. Motar jibi zan bi.”

“Wa ya ce ka tafi?”

Kawu ya yi 'yar dariya. “Auta, na yi shekara arba'in ina tuƙi. In mota ta bayana ta kunna mini fitila, na san wucewa take so. Tun ranar da kuka hau da gilashin nan na gane. Kifi da sakata!” Ya zauna a hannun kujera. “Ba laifinka ba ne. Gidanka ne, kuma na raba ka da matarka. Ni dai can ɗin ne ba na iya zama. Tun da ta rasu, ba abin da ke motsi a gidan sai agogon bango. In na yi tari, ba mai cewa sannu. A nan ko tsaki aka yi, na ji muryar mutum.”

Auta ya zauna daɓas a ƙasa, da mesa a cinyarsa, ya manta ma yana tsoronta. Hawaye suka zubo masa.

“Kawu, ka yafe mini. Wallahi ba inda za ka.”

Ni ma a kan tebur wani abu ya faɗa mini a ido. Ƙurar bayan kujera ce. Shi ya sa nake cewa a riƙa shara.

Mataki na tara: Taron dangi

Duk aikin da ya lalace, a kira taro. Taro ba ya gyara komai, amma yana samo wanda za a ɗora wa.

Aka zauna a falon Auta da yamma. Sista ta zo da yayarta, suka zauna kusa da ƙofa. Auta ya ba da haƙuri har muryarsa ta dushe, ya nuna mata fankar ɗaki tana juyawa, ya buɗe firiza ya nuna babu kowa a ciki sai kaza.

“Ni ban taɓa cewa Kawu ya tafi ba,” in ji Sista. “Na yi buge-bugen tsintsiya, na sani, Allah Ya yafe mini. Da an zauna an yi magana kamar mutane, da ko katifa an saya an gyara masa wuri. Kawu uba ne, ya zauna. Amma waccan,” ta nuna akwatin da haɓa, “ko ni ko ita.”

Na gyara murya na ce ai abu mai sauƙi ne, a mayar wa mai shago.

“A'a,” in ji Kawu. Bai ɗaga murya ba. “An ɗauko ta daga inda take, ba ta roƙa ba. Yanzu ta saba, ta fara ci, sai a ce an gaji da ita? Ba za a yi wannan a gabana ba. Inda ta tafi, nan zan tafi.”

Gaba damisa, baya siyaki. Sai yayar Sista ta tambaya a hankali:

“Wai tun farko wa ya kawo shawarar macijin?”

Ban san dalilin da ya sa kowa ya juyo ya dube ni ba.

“Yaya ne,” in ji Auta, ɗan'uwana na jini, wanda na goya. “Shi ya san kan abin. Komai shi ya koya mini.”

“Kuma gidansa akwai ɗakin da ba kowa,” in ji Sista, da wani irin murmushi. “Ga shi a ƙasa, ba hawan bene. Gwiwar Kawu ta huta.”

Na buɗe baki in yi bayani. Kawu ya riga ni.

“Allah Ya yi maka albarka, ɗana,” ya ce, ya dafa kafaɗata. “Da ma mahaifiyarku ta sha faɗa mini kai ne mai zuciya.”

Ka faɗa mini, da wane bakin?

Washegari motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gidana. Auta da Sista suna riƙe da gilashi suna dariya kamar sababbin aure, Kawu a gaba ya rungume jakar ƙyalle a ƙirji, yana ce wa direba ya bi ramuka a hankali. An yi sharaɗi duk ranar hutu Kawu zai je gidan Auta ya ci abincin rana, Auta kuma zai zo nan duba ma'auni. Matata ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli Kawu, ta kalli akwatin, ta kalle ni. Ta yi wa Kawu sannu da zuwa da fara'a, ta kai masa ruwa. Ni kuma ta ce in saya wa ɓerayena firizarsu daban kafin rana ta faɗi, kuma mu yi magana in baƙi sun tafi. Har yanzu muna maganar.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba likitan dabbobi ba ne, ba mai sasanta ma'aurata ba ne, kuma bai taɓa riƙe maciji da son ransa ba. Duk wanda ya bi matakan nan, ya bi ne da ƙafarsa da hankalinsa. Ba ruwana da matar da ta yi yaji, ko maƙwabtan da suka daina gaisuwa, ko mai gidan haya da ya aiko a kira ka. Ba ruwana in mesarka ta ƙi ci, ta gudu, ko ta fi ka farin jini a gidanka. Ba ruwana, musamman, in ka gano cewa tsohon da kake son korar ba kujerarka yake so ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Masu ƙorafi su zo da kansu, ina baranda, nan nake zama yanzu. Amma kada a buga ƙofa da ƙarfi. Baƙuwa ta ci jiya, kuma Kawu ya ce a rage murya.